Awon Renzo

Rochester,
8 ga Satumba, 1981

Ƙanena Renzo,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Fatan kawai nake yi, don ba ni da hanyar sani. Sau uku ina buga waya ofishinku a Chicago, sau uku wata yarinya mai magana ta hanci tana ce min kana cikin taro. Wane irin taro ne wannan da ba ya watsewa tun watan Yuli? Wayar gidanka kuwa ta yi ta ƙara har ta gaji. To ga takarda, ita ba a ce mata ana taro.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba. Idon Baba ya kusa tafiya. Likita ya ce na hagu ya riga ya gama, na dama kuma in ya kai bikin Ista an yi sa'a. Yanzu ni nake zura masa zare. Kullum da safe sai in jera masa allurai goma a bakin tebur kafin in fara nawa yankan, shi kuma ya yi kamar bai san wanda ya jera ba. Ya ce ranar jajibirin Kirsimeti zai rufe shagon. Shekara arba'in da bakwai, Renzo.

Amma akwai kwat ɗaya da ta rage masa, kuma taka ce. Ranar Litinin ya sa mijina Carmine ya hau tsani ya sauko masa da wani yadin ulu ruwan toka da ya ɓoye a saman kanta ban san tun yaushe ba. Ya shafa shi, ya shafa, ya ce, "Wannan na Lorenzo ne. Da shi zan ajiye almakashi."

Na ce, "To Baba, ai takardar yankansa ga ta can rataye a ƙusa da sunansa, kamar ta kowa. Mu ɗora a kan yadi mu yanka, mu aika masa."

Ka san kallon nan nasa ta saman tabarau. Idon ya tafi amma kallon yana nan. Ya ce, "Takardar nan ta shekara shida ce. Mutum katako ne? Ya zo ya tsaya a gabana in auna shi."

Saboda haka ka zo. Rabonka da gidan nan tun jana'izar Mama, shekara huɗu ke nan, kuma ban taɓa yi maka gori ba sai yau. Awo ɗaya ne da gwaji biyu, in ka matsa zan lallaɓa shi ya rage gwajin zuwa ɗaya. Asabar biyu kawai nake roƙo daga cikin rayuwarka mai tarin taro.

Carmine da yara suna gaishe ka. Ka huta lafiya.

Yayarka,
Nunzia

*

Chicago,
17 ga Satumba, 1981

Zuwa ga Yaya Nunzia,

Gaisuwa da girmamawa, tare da fatan ke da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya. Wasiƙarki ta iso, na kuma yi matuƙar baƙin cikin jin labarin idon Baba. Ki isar masa da gaisuwata da jajena.

Abin takaici, tafiya ba za ta yiwu min ba a wannan zangon. Kamfani ya ba ni sabon muƙami, mai ba da shawara na musamman a sashen tsare-tsare. Shugabanmu Mista Halvorsen ya kira ni ofishinsa ya ce min da bakinsa, "Wannan kujera ɗinkin tela ce, kai aka auna aka yanka ta." Kin ga ke nan ba lokacin da zan nemi hutu ba ne. Ina fata Baba zai yi alfahari.

Za a sanar da muƙamin a walimar kamfani ranar 14 ga Nuwamba. Game da abin da zan sa, kada ku wahalar da kanku, na riga na sayi kwat a wani babban kanti a nan. Alfarma ɗaya nake nema. Ki aiko min da tambarin shagonmu guda ɗaya, farin ƙyallen nan mai sunan Baba da ake ɗinkawa a bakin aljihun ciki. Zan sa a liƙa min a nan. Mutanen da nake aiki da su suna lura da irin waɗannan abubuwa in mutum ya rataye kwat a bayan kujera. Ƙyalle ne ɗan ƙarami, zai shiga ambulan. Ba sai Baba ya sani ba.

Na gode ƙwarai. Ki gaida Carmine da yara.

Naki,
Lawrence Ferlito

*

Rochester,
23 ga Satumba, 1981

Renzo,

Gaisuwa, tunda an koya mana yin ta. Muna lafiya, in ka damu.

Da farko, wane ne Lawrence? Lorenzo aka raɗa maka a coci, ina riƙe da gefen zanenka ranar. Kuma ka rasa abin da za ka aiko wa 'yar'uwarka sai wasiƙar tafireta, kamar ina neman aiki a wurinku an hana ni.

Na karanta wa Baba rabin farko. Da na zo kan maganar shugaban naka, sai ya ajiye dutsen guga. Ya ce, "Ɗinkin tela? Shi mutumin ya auna shi?"

Na ce, "Baba, magana ce kawai. Yana nufin aikin ya dace da shi cif-cif."

Ya ce, "Na san abin da yake nufi. Na riga shi sani." Sannan ya ce, "Kafin a kira abu ɗinkin tela, sai wani ya durƙusa a gabanka da fil a baki. Ya ga kafaɗarka ta dama ta sauka, ya ga tumbinka, ya ga ɗan doron da kake ɓoyewa. Ba zai ce maka uffan ba. Sai ya je ya yanka yadin yadda ba wanda zai sake ganin su. Wanda bai san aibinka ba, me ya ɗinka maka?"

Ni kuma wallahi kalmar nan ta kai ni wuya. Kowa ya koye ta. Mai sayar da firji ya ce min firjinsa ɗinkin tela ne ga iyalina, alhali irinsa dubu ne a sito. Mai inshora haka. Rediyo haka, daga safe har yamma. Kai, har mutumin nan na gidan shirya jana'iza ya turo wa Baba takarda mai hoton furanni, wai suna da tsari ɗinkin tela ga dattawa. Mutanen da ko maɓalli ba su taɓa ɗinkawa ba. Suka kashe sana'ar da kayan kanti, suka tsince sunanta suna yawo da shi a baki. Yanzu kuma ɗan tela na cikinsa ya zo yana nanata min ita da tafireta, yana jiran in tafa.

Rabi na biyu ban karanta masa ba, kuma ba zan karanta ba. Tir da kai, Renzo. Ka san mene ne tambarin nan. Ka san ba ya shiga aljihu sai Baba ya rubuta sunan mai riga da kwanan wata da tawada, da hannunsa. Kana shagon ranar da wani kansila ya kawo kwat ɗin kanti ya ce a maƙala masa, Baba ya riƙe masa ƙofa a buɗe har ya fita. Kai da kanka ka yi ta ba da labarin kana dariya. Yau ni kake cewa in buɗe aljihun tebur in yi wa makaho sata a shagonsa, don wasu masu shan taba a ofis su leƙa bayan kujerarka su jinjina kai. 

Yadin yana nan shimfiɗe a kan teburin yanka. Kullum sai ya kaɗe shi da burushi ya rufe da takarda. In an buɗe ƙofa sai ya ɗaga kai, ba ya gane mutum sai ya yi magana. Jiya mai kawo wasiƙu ya shigo, tsawonku ɗaya, na ga Baba ya kai hannu wuya inda tef ɗin awo yake rataye.

In tambari kake so, ka zo ka tsaya a auna ka. Za ka same shi ɗinke a jikin kwat ɗinsa.

Sai na ji daga gare ka.

Nunzia

*

Chicago,
2 ga Oktoba, 1981

Yaya Nunzia,

Gaisuwa. Na ji duk abin da kika ce, ba zan yi jayayya ba.

Na fahimci ba kya son tambarin ya bar hannunki. Saboda haka ga kwat ɗin da wandonta a cikin wannan kwali. Na aiko gidanki ne, ba shago ba. Sau uku ko huɗu kawai na sa su zuwa ofis. Hannun kwat ɗin ya yi min gajere, ki sako shi inci ɗaya da rabi, ƙafar wandon ma haka. In kin gama ki ɗinka tambarin da kanki. Kin ga ke nan aikin gidanmu ya shiga cikinta, ba ƙarya zalla ba ce.

Zuwa dai ba zan iya ba. Don Allah ki daina tambayata dalili. Ki yi min wannan, ba zan sake roƙon ki komai ba.

Ina gaida kowa.

Renzo

*

Rochester,
9 ga Oktoba, 1981

Renzo,

Gaisuwa. Kwalinka ya iso ranar Laraba. Na ɗauka na tafi da shi shago da sassafe kafin Baba ya sauko, don ba zan buɗe irin wannan abu a teburin da yarana ke cin abinci ba.

Allah ya sawwaƙe. Na sa reza na farke shafin ciki ta ƙasa don in ga abin da suka sa a ƙirji. Ba gashin dokin da muke sawa ya tsai da ƙirji, ba ɗinki ko ɗaya. Wani farin abu ne kamar takardar nannaɗe nama, an shafa masa gam an danne da zafi. Gam, Renzo. Ƙirjin kwat, wurin da Baba yake yini biyu yana sa ɗinki ɗari-ɗari da hannu don ya kwanta a jikin mutum, su sun manna shi kamar talla a bango. Ruwan sama ya taɓa ta sau ɗaya, za ta yi ƙuraje kamar fentin banɗaki.

Na zare zare ɗaya daga gefe na ƙyasta masa ashana. Ulu in ya ƙone toka yake zama, ya yi warin gashi. Naka narkewa ya yi ya dunƙule, shagon ya ɗauki warin roba, sai da na buɗe taga. Maɓallan roba. Na hannu kuwa ado ne kawai, ba ƙofa, an dasa su a kan yadi don yaudarar ido. Layin yadin bai haɗu ba a aljihu, bai haɗu ba a kafaɗa. Wuyan an ɗinka shi da keke a guje, zaren yana reto. Wandon kuma ban ma tsaya a kansa ba, na ga dai har da fil ka soke a ƙugu kamar ɗan kamasho. Kai da aka yaye ka a ƙarƙashin teburin yanka, ka shiga kanti da ƙafarka, ka kasa ko zaɓen wadda hannunta ya kai maka wuyan hannu. Sau biyu na wanke hannuna da sabulu.

Kuma a cikin wannan ƙazanta kake so in sa sunan Ottavio Ferlito. Wai aikin gidanmu ya shiga cikinta don na sako hannu. Wannan wayon a ofis aka koya maka shi, ba a gidanmu ba.

Ka ce in daina tambayar dalili. Na daina, don na sani. Kunyarmu kake ji. Kunyar tsoho mai Turancin da bai nuna ba, da shago mai warin tururi, da yaya mai alli a gashi. Sunan kake so, mutanen ne ba ka so.

Na maida shafin yadda na same shi, na tura kwalin ƙarƙashin kanta. Ranar Litinin Carmine zai kai shi gidan waya. Ban sako hannu ba, ban sa tambari ba. Baba kuma zan gaya masa gaskiya cewa ba ka zuwa, ya daina kaɗe yadi. Gara ya ji zafin sau ɗaya.

Allah ya ba ka sa'ar walima.

Nunzia

*

Rochester,
11 ga Oktoba, 1981

Renzo ƙanena,

Ina gaishe ka. Ka manta da takardar shekaranjiya, in ba ka buɗe ba kada ka buɗe.

Jiya Asabar na fita sayo burodi. Da na dawo na tarar da Baba ya laluba ƙarƙashin kanta neman ƙyallen guga, ya jawo kwalin. Kwat ɗin tana shimfiɗe a kan tebur. Ya ce, "Ta wa ce?"

Na ce, "Gyara aka kawo, Baba."

Ya ce, "Ƙarya ba ta karɓe ki ba, Annunziata. Man gashin ɗana ne a wuyanta."

Na tsaya da burodi a hannu ina jiran ya fara faɗan gam. Ko kallon ɗinkin bai yi ba. Ya baza hannu ya auna ƙirjin da taƙi, daga hammata zuwa hammata. Ya sake aunawa. Ya ce in sauko masa da takardarka daga ƙusa. Ya shimfiɗa ta, ya ɗora kwat ɗin a kai. Renzo, takardar ta leƙo ta kowane gefe, kamar an kwantar da rigar yaro a kan ta uba.

Ya ce, "Lamba nawa suka rubuta a ciki?"

Na duba. Kwana uku abin yana hannuna, sai lokacin na duba. Na ce, "Talatin da takwas."

Ya ce, "Shi arba'in da shida ne." Ya ja hannun kwat ɗin ya miƙe shi. "Ya ce miki hannun ya yi gajere, ko? Dole. Tsoka ke ramewa, ƙashi ba ya ramewa."

Ya ɗauki wandon ya bi ƙugun da yatsa har ya sami fil ɗin da na yi maka gori a kansa. Ya ce, "Ramin fil biyu ne a nan. Ya fara matsewa a nan, sannan ya ƙara matsewa a nan. Tun bayan da ya saya ma ya ci gaba da zubewa." Sannan ya koma gaban kwat ɗin, gefen hagu, ƙasa da haƙarƙari. Ya kama hannuna ya ɗora a wurin. Yadin ya yi santsi, ya yi sheƙi, faɗin tafin hannu. Ya ce, "Nan yake dafewa. A zaune, a tsaye, nan yake dafewa."

Ya juyo ya ce, "Shekara ashirin kina yanka. Kin farke ta, na ji ɗinkinki a shafin. Me kika gani?"

Na ce, "Gam."

 Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Ya ninke kwat ɗin nan, abar da na ce ƙazanta ce, yadda yake ninke ta alƙalai, ya zauna ya riƙe ta a cinya har lokacin rufe shago ya yi.

Ni kaina nake ƙyama yanzu. Ƙanena ya aiko min jikinsa a kwali, na tsaya ina ƙona zare da ashana. Na cika shafi biyu da zagi, ina jin daɗin kaina, wai ni na san ɗinki.

Me ya same ka? Tun yaushe? Wa yake dafa maka abinci? Kada ka buga min tafireta, kada ka ce min taro. In ban ji daga gare ka ba cikin mako guda, wallahi zan zo in zauna a ƙofar ofishin nan naku har yarinyar mai magana ta hanci ta gaji da ni.

Ka yafe min. Allah ya tsare min kai.

Yayarka,
Nunzia

*

Chicago,
18 ga Oktoba, 1981

Yaya,

Ina gaishe ki. Ga rubutun hannuna, ki yi haƙuri da shi. Duka biyun na buɗe, kuma ta farkon ta ba ni dariya, rabona da dariya an daɗe. Gaskiyarki a kan kwat ɗin, ni ma riƙe numfashi nake in na sa ta. Shi ya sa na aiko miki ke. Na ce Nunzia ɗinki za ta duba, ba za ta lura da girmanta ba.

Ciwon daji ne a ciki. A watan Yuni aka yi min aiki, suka yanke abin da za su yanke. Yanzu kowace Talata ana ɗura min wani magani ta jijiya, in yi kwana uku ina amai. Laba hamsin na zubar. Likita ya ce rabi da rabi ne, sai bayan sabuwar shekara za a san inda aka dosa. Abinci kuwa akwai wata tsohuwa maƙwabciyata da ke miƙo min romo, amma yawanci kwano yake komawa yadda ya zo.

Muƙamin kuma bari in gaya miki. Da mutum goma sha biyu ne a ƙarƙashina. Da na dawo daga asibiti na tarar an ba wani teburina. Halvorsen ya kira ni, ya dafa kafaɗata, ya ji ƙashi, ya janye hannun kamar ya taɓa murhu. Sai ya ce kujerar nan ɗinkin tela ce. Ɗaki ne kusa da ma'ajiyar fayil, ba taga. Ba wanda ya taɓa neman shawarata. An gaya wa yarinyar ta ce wa duk mai kira ina taro, don kada abokan ciniki su ji muryata. Kuma ki gaya wa Baba, mutumin ya auna ni sarai. Ya ga aibina fiye da kowa. Sun ƙiyasta wata nawa ya rage min, suka yanka kujerar daidai da shi. Ni kuma na yi murmushi na ce na gode. Wannan godiyar ta fi maganin Talata tayar min da zuciya.

Ba kunyarku nake ji ba. Tef ɗin Baba nake tsoro. Kin tuna yadda yake dawowa daga awo ya ce wa Mama a kan tebur, "Wane ba zai sa wannan kwat sau biyar ba," kuma haka ake yi? Ba na son ya zagaya ni da tef ya yi shirun nan nasa. Ba na son abin ƙarshe da idonsa zai gani ya zama ni a haka. Tambarin kuwa wauta ce. So nake ranar walima, in sun tashi suna tafa wa gawata, in ji sunan Baba a ƙirjina. Shi ke nan.

Ki ce masa ya yafe min. Kuma ki hana shi yanka yadin nan. Yadi ne mai kyau, kada a ɓata shi a kan mutumin da ba zai sa shi sau biyar ba. A ɗinka wa Carmine.

Ki sumbaci yara. Allah ya bar mu tare.

Ƙanenki,
Renzo

*

Rochester,
23 ga Oktoba, 1981

Lorenzo ɗana,

Ina gaishe ka. Da hannuna nake rubutu, in layi ya karkace ka yi haƙuri.

Yayarka ta karanta min takardarka. Na sa ta maimaita.

Ba kai ke gaya min abin da zan yi da yadina ba. Na yanka shi jiya. Ban auna ka ba na yanka, abin da ban taɓa yi wa kowa ba, amma lokaci ya ƙure. Na harhaɗa kwat ɗin da farin zare. Ranar Asabar ni da Nunzia za mu shigo jirgin ƙasa da ita mu gwada a jikinka. Za ka tsaya yadda kake tsayuwa. Kada ka ciko ƙirji, kada ka janye hannu daga inda kake dafewa, ina so in san wurin.

A bayan kowane ɗinki na bar rarar yadi a ciki. Gefe da gefe, tsakiyar baya, ƙugun wando. Yanzu za ta zauna maka a talatin da takwas. In an buɗa ta duka za ta koma arba'in da shida. Yayarka ta ce rarar ta yi yawa, za ta yi nauyi. Na ce mata ta lura da inda na bar ta, don ita za ta buɗa, ni lokacin ba na gani.

Shekara arba'in da bakwai ban taɓa barin yadi a banza ba. Ka ci abinci.

Mahaifinka,
Ottavio Ferlito, tela